Injin Feshin Farar Riga

Ranar Talata da hantsi Auta ta bugo waya, ba ta ko ja gaisuwa ba.

"Baba, Mama ta ce in gaya maka ranar Asabar za ta zo."

"To, madalla. Ai ta kwana biyu."

"Ban gama ba, Baba. Ta ce in ta tarar da ɗakin nan yadda ta bar shi, kekenta kawai za ta ɗauka ta juyo. Har ta yi magana da mai motar da zai ɗauko shi."

"Ita ta faɗa, ko ke kika ƙara gishiri?"

"Ga ta nan kusa da ni tana ji. In ba ta?"

"Bar ta," in ji shi. "Ki gaishe da mijinki."

Ya ajiye wayar ya bi ƙofar ɗakin da kallo. Wata uku ke nan da Maman Auta ta tafi jinyar 'yarsu da aka yi wa tiyata, da niyyar yin mako biyu. Auta ta warke har ta koma bakin aiki, uwar ba ta dawo ba. Tufafinta ma kaɗan-kaɗan ta aiko aka kwashe. Keken ɗinkinta ne kawai ya rage, baƙi mai zanen furanni ruwan zinariya, wanda ta gada daga mahaifiyarta. Yana nan a gindin taga a buɗe, da rigar da take ɗinka masa a ƙarƙashin allura, an haɗa hannu ɗaya, ɗayan ba a haɗa ba. Muddin keken yana nan, ya san tafiyar ba ta zama tafiya ba.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana fenti, kuma a unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Farar Riga ake ce masa. Da farar riga yake fita aiki, da ita yake hawa tsani, da ita yake saukowa da yamma babu ɗigo ko ɗaya. Bai taɓa shimfiɗa jarida a ƙasa ba, bai taɓa lulluɓe kujerar kowa ba. Iyakarsa ya ja kaya tsakiyar ɗaki, taki biyu daga bango, ya tsoma burushi. Masu gidaje har tsayawa suke yi su yi kallo.

Ɗakin matarsa kuwa rabonsa da fenti tun shekarar da aka haifi Auta. Bangon ya yi dabbare-dabbare, inda rufi ya taɓa yoyo ya bar tabo mai ruwan shayi, kusurwar bayan gado tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Da fari aiki ne ya hana shi: yau gidan wani, gobe shagon wani. Ta yi roƙo, ta yi tuni, ta yi gori. Da kanta ta zaɓi launi, shuɗi mai haske, na mai, irin wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Shekara biyu da suka wuce, a makon da ya ajiye aiki, ya sayo gwangwani uku ya jera a bayan ƙofa, ya ce yanzu kam lokaci ya samu.

A makon ne hannun dama ya fara. In yana ajiye a cinya lafiyarsa ƙalau. Da zarar ya miƙa shi riƙe da wani abu sai ya kama rawa, wani lokaci yatsun su saki ba da saninsa ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma riƙe kofin shayi da hannu biyu, ya koma cin abinci shi kaɗai a zaure. Gwangwanayen suka yi ta shan ƙura a bayan ƙofa, inda take ganinsu duk safiya in ta zo shara.

Da yammacin Talatar nan ya buɗe gwangwani ɗaya, ya zagaya bayan gida inda ba mai ganinsa, ya ja layi da burushi a jikin katanga. Layin ya fito kamar sawun maciji a rairayi. Ya gwada rola. Bai yi minti goma ba sandar rolar ta suɓuce masa ta faɗi. Ya tsaya yana duban katangar, sannan ya ɗebo ƙasa ya shafe layin.

Ɗauko wani mai fenti bai ko shiga lissafinsa ba. A ce Farar Riga ya kira wani ya yi masa fenti a gida, kafin la'asar labarin ya kai bakin titi. Ita ma ba bangon take nema ba, shi take so ta ga ya yi.

Da safiyar Laraba ya nufi shagon Dogo a babban titi. Dogo ya yi shekara shida yana koyon aiki a hannunsa kafin ya koma sayar da kayan gini, kuma Farar Riga ne ya laƙaba masa sunan Dogo don tsokana, domin tsawonsa da ƙyar ya wuce kantar shagon. Yanzu ya yi sanƙo da tumbi, yana da gilashin karatu a kan karan hanci.

"A'a! Maigida da kansa! Yau wace rana? Burushi ne ya ƙare, ko ka zo ka ga ko na ƙara tsawo?"

"Faɗi dai ka ƙara. Injin feshi nake so."

Dogo ya cire gilashin. "Wa ya aiko ka?"

"Ni na aiko kaina."

"Maigida, kai fa ka ce mana feshi aikin masu kashe sauro ne. Ranar da na ce ina sha'awarsa, wuni guda ka sa ni wankin bokiti."

"Kuma ka wanke su da kyau. Za ka nuna mini ko in tsallaka titi?"

Dogo ya yi dariya ya shige ciki, ya fito da kwali biyu ya ɗora a kan kanta. Akwai iri na uku, in ji shi, mai tukunyar iska, amma wannan na masu fentin mota ne, kada ma su ɓata lokaci. Ya buɗe ƙaramin kwalin tukuna. Bindiga ce ta roba mai wayar lantarki, da kofi a ɗaure a ƙarƙashinta.

"Wannan a kofin nan ake zuba fenti. Yana fesawa a hankali, ba ya tashin hayaƙi da yawa. Sai dai kana tsayawa kana ƙarawa, kuma sai ka tsinka fentin sosai ka tace shi, in ba haka ba bakin ya toshe. Aikin me za a yi?"

"Ɗaki ɗaya."

"Da kaya a ciki?"

"Da kaya."

"To ai ka samu. Wannan shi ne naka." Ya buga tafin hannu a kan babban kwalin. "Wannan kuwa aljani ne. Famfo gare shi, ka tsoma masa tiyo a bokiti ya riƙa zuƙa, kai bindiga kawai ke hannunka. Bango guda kafin ka gama atishawa. Amma na sabon gini ne da babu komai a ciki, ko katangar waje. A ɗaki mai kaya, wallahi har cikin aljihunka zai yi wa fenti."

"Ba ni ƙaramin in ji."

"Tsaya in cika shi da ruwa, ka ji nauyinsa na gaskiya."

Ya cika kofin ya ɗaura, ya miƙo. Farar Riga ya karɓa da dama, ya ɗaga shi daidai kafaɗa kamar yadda za a yi a gaban bango. Nan take ruwan ya fara kaɗawa a cikin kofin, ana jin ƙararsa. Ya yi maza ya dire shi a kan kanta. Dogo a lokacin yana duban wani abu a kan katakon jera kaya, ko kuma ya ga dama ya dubi can ɗin.

"Wannan kayan wasan yara ne," in ji tsohon. "Kawo aljanin."

Bindigar babban injin ƙarfe ce, amma babu kofi, babu ruwa, ba ta fi cokalin miya nauyi da yawa ba. Ya riƙe ta da dama, ya tallafa da hagu kamar mai gwada ta, ya kai ta hagu ya dawo da ita dama. Da hannu biyu rawar ba ta fita. Ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa.

"Shi zan ɗauka."

"Maigida, ɗaki ɗaya ka ce."

"Kunnena ƙalau, bakina ma ƙalau."

"Wane irin fenti?"

"Na mai."

Dogo ya kama haɓa. "Na mai, a ɗaki, da wannan? To bari in rufe shago ranar Juma'a in zo in kama maka. Ba aiki zan yi ba, tiyo kawai zan riƙe, in tuna da."

"Ka tuna da a gidanka."

Suka yi ciniki a taƙaice. Dogo ya nuna masa inda ake ƙara ƙarfi da ragewa, ya ce taki ɗaya daga bango, kada hannu ya tsaya wuri guda, kuma ya wanke tiyon da tina, ruwan tsinka fenti, da zarar ya gama. Duk wannan tsohon ya saurara da kyau, har ya sa aka maimaita masa. Sannan Dogo ya sunkuya ya ɗauko nadin leda mai faɗi, da salatif, da takunkumin hanci, ya ɗora a kan kwalin.

"Wannan kyauta ce. Ka fitar da abin da zai fitu, abin da ba zai fitu ba ka naɗe shi kamar za a kai shi wata ƙasa. Ƙasa, taga, ƙofa, fanka, duka."

Farar Riga ya dubi ledar, ya dubi Dogo.

"Shekara shida kana bayana. Ka taɓa ganin na shimfiɗa wani abu?"

"Ban taɓa ba. Amma burushi inda ka kai shi nan yake zuwa. Wannan kuwa—"

"Hannu ne ke zubarwa, ba kayan aiki ba. Ajiye wa masu koyo."

Ya ture ledar da salatif gefe. Takunkumin ma ya bar shi, ya ce yana da hankici. Dogo ya ɗora masa kwalin a motar haya, ya tsaya a bakin titi yana shafa sanƙonsa har motar ta sha kwana.

Alhamis gaba ɗaya a shiri ta tafi. Ya kankare ɓawon bango da hagu, ya cike ramuka, ya goge da takardar yashi. Aikin da da yake gamawa kafin azahar ya kai shi faɗuwar rana. Ya ja gado tsakiyar ɗaki, ya ja kabad da madubi. Keken ya bari ƙarshe. Ya ɗaga shi da teburinsa a hankali, kada rigar ta zame daga ƙarƙashin allura, ya ajiye shi kusa da gado. Ya auna da ƙafa: taki biyu daga bango, har da rabi.

Da safiyar Juma'a ya sa farar riga, ya juye gwangwanayen a bokiti, ya tsinka da tina, ya tace da tsohon yadi. Ya ɗaura hankici a hanci, ya tsoma tiyo, ya kunna. Injin ya yi gurnani. Ya kama bindigar da hannu biyu ya danna.

Abin da ya gani ya ba shi mamaki. Shuɗi ya kwanta a bangon sumul, faɗin kamu biyu a tafiya ɗaya, ba sawun gashi, ba layi. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Tabon yoyon da ya yi shekaru yana kallonsu ya ɓace a numfashi uku. Bai san lokacin da ya fara 'yar waƙar da yake yi a kan tsani ba. Hannun yana rawarsa, amma bango bai nuna ba. Shekara biyu rabon da ya ji shi mai fenti ne.

Da ya gama bango biyu warin ya yi yawa, iskar ɗakin ta yi duhu-duhu. Ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa in wari ya dame shi: ya miƙa hannu ya kunna fankar sama, ya ƙure ta. Ya ci gaba. Idonsa na kan bango, don mai fenti bango yake kallo. Ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

Kafin ƙarfe sha ɗaya ya gama shafi na biyu. Kansa na juyawa, harshensa na ɗaci. Ya kashe injin, ya fito yana dafa bango, ya ja ƙofar, ya zube a kan tabarma a inuwar tsakar gida da niyyar ya huta minti biyar.

Sai da rana ta karkata ya farka, kai kamar an ɗora masa dutse. Ya je bakin famfo zai wanke fuska, ya ga bayan hannunsa. Ya ga hannun rigar. Ba ɗigo ba ne, ba fantsama ba ce. Rigar gaba ɗaya ta tashi daga fara ta koma launin sararin sama, kamar an rina ta da gangan.

Ya buɗe ƙofar ɗakin. Fanka na nan tana juyawa. Bangon huɗu sun yi kyau fiye da duk wanda ya taɓa yi da hannunsa. Takalminsa ya manne a ƙasa, da ya ɗaga ya bar sawu. Madubi ya dushe. Katifa, kabad, ƙarfen gado, duk wata raɓa mai laushi ta sauka a kansu ta bushe, domin fanka ta wuni tana busa ta.

Keken ya daina zama baƙi. Ya koma wani toka-toka mai shuɗi, furannin zinariyar suna leƙowa daga ƙarƙashi kamar abin da ya nutse a ruwa. Rigar da ke ƙarƙashin allura ta sha nata. Ya kama ƙafar keken ta hannu ya juya. Ta motsa kaɗan ta cije.

Da wannan keken aka ci abinci a gidan shekarar da ya faɗo daga tsani ya yi wata bakwai a kwance. Duk farar rigar da ya taɓa sawa a ƙarƙashin allurar nan ta bi.

Ya ɗauko kananzir da tsumma. Kananzir ya dame fentin kawai, bai ɗaga shi ba. Ya ɗauko tina, ya ɗiga kaɗan, ya nufi wani wuri baƙi a gefen fure, da niyyar ya goge faɗin farce ɗaya ya gani. Shuɗin ya tashi, baƙin ya fito yana sheƙi. Sai hannun ya yi nasa. Tsumman ya zarce ya shafi furen, ya dawo ya sake shafa. Da ya ɗaga, fure ɗaya da rabi sun tafi, zinariyar tana jikin tsumma.

Wayarsa ta yi ƙara a tsakar gida. Dogo ne.

"Maigida, ya aljanin? Ya yi biyayya?"

"Ya yi aikinsa," in ji shi, ya kashe.

Ya rufe kwalbar tina. Ya wanke tiyon kamar yadda aka ce masa, ya mayar da injin cikin kwali. Keken bai sake taɓa shi ba.

Da hantsin Asabar ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ya sa wata farar rigar, amma sabulu bai gama da gemunsa da girarsa ba. Maman Auta ta yi sallama ta shigo ita kaɗai, ba jaka, sai ƙaramar pos a hammata. Ta rame kaɗan. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sannu da gida. Me ya sami gemunka?"

"Sannu da hanya. Ya mai jiki?"

"Mai jiki ta fi ni lafiya. Gemunka na tambaya."

Ya matsa ya ba ta hanya. Ta tura ƙofar ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon bangon, daga kusurwa zuwa kusurwa, har inda tabon yake a da. Ya ga kafaɗunta sun sauka.

"Shi ne launin," ta ce a hankali. "Shi ne."

Sannan ta taka ciki, ta ji ƙasa ta kama takalminta. Ta dubi ƙasa. Ta dubi madubi. Ta juya.

Ba ta yi ihu ba. Ta je ta tsaya a kan keken, ta sa yatsa ta shafa wuyansa, ta dubi yatsan. Ta ga gurbin furen da ya goge, ta ɗora babban yatsa a wurin ta bar shi.

"Baban Auta."

"Na'am."

"Shekara arba'in kana shiga gidajen mutane, ba ka taɓa ɗiga wa kowa fenti ko a takalmi ba. Matan unguwa har cewa suke na yi dace. Sai da aka zo kaina."

"Inji ne. Ban san haka yake—"

"Inji. Kai da inji? Ina burushinka? Ko ɗakina bai kai a ɗauko masa burushi ba, sai a fesa shi kamar kejin kaji a wuce wurin?" Muryarta ba ta tashi ba. "Ko zani ɗaya ka yafa masa. Zani ɗaya. Na uwata ne."

Ta juya ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya. "Direba! Shigo ka kama mini."

"Dakata," in ji shi.

"Na dakata shekara ashirin da shida."

"Minti ɗaya. Ce masa ya jira."

Wani abu a muryarsa ya sa ta ɗaga wa direban hannu, ya koma. Farar Riga ya je bayan ƙofa ya ɗauko tsohon burushinsa na yankan layi, mai siririn baki, wanda ƙotarsa ta lotsa daidai yatsunsa. Ya tsoma shi a ragowar fentin da ke gindin gwangwani. Ya tsaya a gaban katakon ƙofa, ya miƙa hannun dama shi kaɗai, bai tallafa ba.

Burushin ya kama rawa tun bai kai katako ba. Ya dai kai shi, ya ja. Layin ya tafi a karkace, ya yi tsalle, ya dawo. Ɗigo ɗaya ya faɗo a gaban rigarsa, wani ya bi shi. Sai yatsun suka saki, burushin ya faɗi a tsakaninsu.

Ba wanda ya sunkuya.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun makon da na sayo gwangwanayen."

"Shekara biyu."

"Da 'yan kwanaki."

"Shi ya sa ka koma ci a zaure."

"Shi ya sa."

"Ni kuma ina ta sauya girki, na ɗauka hannuna ne ya gundure ka." Ta zauna a bakin gado, ba ta damu da fentin ba. "Likita ya gani?"

"Ba wanda ya gani. Sai ke yanzu. Wataƙila Dogo."

"Dogo ma ya riga ni." Ta gyaɗa kai. "Wato ka gwammace in zauna ina ganin ka raina ni, ka gwammace in tattara in bar gidan nan, da dai in san hannunka na rawa. Ni da na yi wata bakwai ina juya ka a kan katifa."

Ya dubi ɗigon da ke gaban rigarsa.

"Wannan ya fi keken ciwo, in ba ka sani ba."

A waje direban ya danna ham sau biyu. Ta tashi ta fita, ba ta dube shi ba. Ya tsaya a inda yake, yana jin muryoyinsu a ƙofar gida, ba ya rarrabe abin da suke cewa. Ya ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Motar ta tashi, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace.

Ya ƙirga numfashinsa. A na tara ya ji takunta, takalmin yana ɗan mannewa.

Ta cire mayafi ta rataye a ƙusa a waje, ta naɗe hannun riga.

"Kada ka yi murna, ban ce na dawo ba. Keke ne ba zai ɗauku a haka ba. Ina man keken? Yana aljihun teburin in ba ka fesa shi ba. Ka samo mini tsohon burushin haƙori da tsumma mai laushi. Waccan kwalbar kuma da ta cinye mini fure, ka fitar da ita daga gidan nan."

Ya kawo abin da ta ce. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe murfin gefe, ta leƙa cikin keken, ta ja tsaki. Ta ɗiga mai a ramuka uku, ta kama ƙafar ta juya gaba, ta juya baya. Ta cije. Ta ƙara mai, ta sake. A karo na huɗu allurar ta ɗaga da ƙyar, ta tsaya a sama.

"Zai tashi?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Furen dai ya tafi ke nan." Ba ta ɗago ba. "Litinin za mu asibiti. Da bakinka za ka gaya wa Auta, ba ni ba."

"To."

Ta zare rigar daga ƙarƙashin allura, ta yanke zaren da haƙori, ta ɗaga ta a hasken taga. Inda ya kalli sama ya yi shuɗi, cikin ninkin ya rage fari, ta fito rabi da rabi.

"Wannan a jefar," in ji shi. "Ba ta wankuwa."

"Yadina ne, ɗinkina ne. In keken ya tashi zan haɗa ɗaya hannun." Ta ninke ta ta ajiye a cinya. "Kuma da ita za ka je asibitin, ta babban titi, kowa ya gani."

Ya dubi rigar, ya dubi burushin da ke ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu.

"Riƙe mini nan," ta ce, tana nuna gefen teburin. "Da wanda ba ya rawa."